Igiyar da Ta Kwana a Ruwa

Akwai magana ɗaya a cikin sana'ar ɗaurin kaya wadda Malam Babaji ya sani tun yana saurayi, amma shekara goma sha ɗaya ke nan bai koya wa kowa ita ba. Ba mantuwa ya yi ba, ba kuma rowar sani ce ta hana shi ba. Da gangan ya bar ta, kuma kowace safiya yakan tashi da sanin cewa da gangan ne.

Shi ne babban mai ɗauri a filin lodi da ke bayan Ƙofar Ƙwaya, inda manyan motoci masu shimfiɗaɗɗen baya, waɗanda ba su da bango a gefe, suke ɗaukar kaya. A irin wannan mota babu abin da ke tsakanin kaya da kwalta sai igiya da hankalin wanda ya ɗaura ta. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin Malam Babaji ya haddace karatunsa. Nauyi a kan tayoyi ake ɗora shi, ba a wutsiyar mota ba. Buhu sarƙa shi ake yi kamar tubalin gini, na sama ya hau gaɓar biyu na ƙasa, bakin kowanne yana kallon ciki. Tamfol na baya ake fara shimfiɗawa, sannan na gaba ya hau kansa, don kada iska ta sami bakin shiga. Inda kaya ke da kaifi, a sa yankin tsohuwar taya a ƙarƙashin igiya. In an gama, a bugi kowace igiya da tafin hannu. Wadda ta yi ƙara ta ɗauru, wadda ta yi shiru a sake ta. Direba kuma ya tsaya bayan tafiya kaɗan ya duba, domin kaya yakan zauna, igiya ta yi sako-sako.

Duk wannan yana faɗa, yana maimaitawa har a gaji da shi. Abin da ba ya faɗa shi ne halin igiyar rama idan ta sha ruwa. Takan kumbura ta tsuke. Wanda ya ɗaure kaya da ita a jiƙe zai ji ta tamau, ya buga ta yi ƙara fiye da busasshiya, ya sallami mota da farin ciki. Amma da zarar rana ta ɗaga ta bushe, sai ta miƙe ta saki, kaya ya zama ba abin da ke riƙe da shi. Marigayi ubangidansa ne ya koya masa wannan, kuma tsofaffin da suka san shi a filin duk sun rasu ko sun bar aiki.

A daminar da ta biyo bayan ba Katsina jiha aka kawo takin zamani za a kai ƙauyukan yankin Dutsin-Ma. Ranar jajibirin lodi Malam Babaji ya yi gaggawar komawa gida, ya bar igiyoyi a ƙasa bai rataye su a rumfa ba. Da asuba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya iso ya tarar da su kwance cikin taɓo, ga kuma wani saje da aka turo kula da rabon takin yana kai da komo da bulala a hammata, yana cewa ƙarfe takwas kada ta same shi a filin.

Direban motar shi ne Mati, mutumin wani ƙauye ne da ya zauna birni, mai sanyin hannu a sitiyari, wanda masu mota ke rububinsa. Malam Babaji ya ɗaure masa kaya da jiƙaƙƙiyar igiya. Ya san abin da yake yi. Ya yi niyyar ya ja Mati gefe ya gargaɗe shi, amma sajen yana tsaye a kansu, kuma gargaɗin ba ya faɗuwa sai an bayyana wanda ya bar igiya ta kwana a waje. Sai ya yi shiru. Ya bugi gefen motar sau biyu, alamar an gama, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Mati ya yi duk abin da ake so direba ya yi. Ya tsaya a Batagarawa ya zagaya motar, ya bugi kowace igiya, duk suka amsa masa, domin har lokacin hadari bai washe ba. Bayan ya wuce Kurfi rana ta buɗe. A wata kwana mai gangara kusa da gada, rabin kayan ya zame gaba ɗaya ya faɗa rafi. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji rauni. Takin ne ya narke a ruwa mutanen da ke jiransa suna kallo.

Aka ce gudu Mati ya yi da motar fiye da kima. Kwana tara ya yi a tsare, ya fito yana ɗingishi. Babu mai motar da ya sake miƙa masa makulli, aka kuma laƙaba masa suna Mati Mai Ɓari, sunan da har maƙwabtansa suka riƙa kira ba tare da sun san asalinsa ba. Ba wanda ya tambayi Malam Babaji komai. Wa zai yi zargin ɗaurin Babaji?

Daga ranar bai sake barin igiya ta taɓa ruwa ba. Ko yayyafi aka fara, shi ne farkon wanda zai ruga ya kwashe su zuwa rumfa. In aka tambaye shi dalili, sai ya ce ruwa na ruɓar da rama. Gaskiya ce, amma ba ita ce gaskiyar ba. Ya lissafa tun da wuri cewa ranar da ya faɗi ainihin dalilin, wani zai tuna safiyar da aka yi lodi cikin taɓo.

Mati ya koma acaɓa. Yana ɗaukar mutane, amma ba ya ɗaukar mai kaya, ko da rabin buhun gero ne. Sau da yawa yakan tarar da Malam Babaji yana tafiya a ƙasa a lungunan Gobarau, inda gidan dattijon yake, ya tsayar da babur ya cire hula ya gaishe shi, ya ce ya hau ya kai shi. Malam Babaji yakan ce likita ya umarce shi da tafiyar ƙasa. Ba likitan da ya ce masa haka. Kowane azumi yakan ƙudurta cewa kafin salla zai je gidan Mati ya faɗa masa gaskiya. Sau ɗaya har ya kai ƙofar gidan, aka yi masa shimfiɗa a zaure, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar iyali, ya tashi. Istigfari kuwa ya yi ba adadi, alhali ya sani sarai, kamar yadda kowane mai zuwa karatun asuba ya sani, cewa haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya sauke.

Da sojoji suka koma bariki a ƙarshen watan Mayu, sai bakin kowa ya buɗe. A rediyo, a majalisa, a wurin mai shayi, kowa na ba da labarin abin da aka yi masa a zamanin kaki. A filin lodi ma aka tono labarin Mati, aka ce ko da laifinsa ne, ai kwana tara da bulala zalunci ne. Malam Babaji yana zaune a kan bencinsa yana ji. Ya ga cewa in ya so, sai ya bar masu kaki su tafi bariki da nasa kason laifin, ba mai ganewa. Kuma ya ga cewa yana so. Wannan son ya fi komai ƙona masa rai.

Ran nan wata Alhamis sai ga Alhaji Abbas, tsohon ɗan kasuwar hatsi wanda sabuwar gwamnati ta ba aikin jigilar taki, ya kuma tare a sabon gida a G.R.A. Ya fito daga mota da babbar riga tana ƙamshin sabunta.

“Malam Babaji, barka da rana.”

“Barka kadai, Alhaji. An wuni lahiya?”

“Lahiya lau. Ya aiki?”

“Aiki da godiya.”

“Ya iyali? Ya damina?”

“Alhamdu lillahi. Ya sabon wuri?”

“Sai shiru ya yi yawa, Malam. Ko mai tallan hura babu.” Ya zauna a bakin benci ya rage murya. “Mota shida zan loda ran Litinin, direba biyar gare ni. Matar Mati ta zo wajen maiɗakina har sau biyu, wai a ba mijinta mota. Na ce sai na ji daga bakinka, tunda kai ka ɗaure mai kayan nan. Mi ka gani?”

Malam Babaji ya dubi hannuwansa. Babu saje, babu bulala, mutum ɗaya ne kawai yake tambayarsa cikin girmamawa.

“Ai direba ne,” in ji shi.

“Na san direba ne. Shina da hankali?”

“Ban san shi da shaye-shaye ba.”

Alhaji Abbas ya jira ko akwai ƙari. Da bai ji ba, ya tashi ya kaɗe riga. “To. A gwada shi. In ya sake ɓarar da kaya, ni da kai muka jawo.”

Ya tafi ya bar Malam Babaji yana jin kamar ya sake buga gefen mota sau biyu.

Ran Litinin da asuba aka yi ruwa. Igiyoyin rumfa busassu ne, amma da ƙyar za su ɗaure mota biyar. Sauran Alhaji Abbas ne ya aiko da su daga kasuwa ran Lahadi da yamma, bayan an tashi daga aiki, mai kawowa ya jibge su a gindin katanga ya tafi. Malam Babaji bai san da wannan ba. Yana can yana fama da motocin farko, yana sa a sauke jeri guda da aka yi wa ɗorin kai da kai, yana gyara bakin tamfol. Mota ta biyar aka haɗa mata ragowar busassun. Sai da rana ta fara leƙowa ta cikin gajimare ya zagayo wurin ta shida, wadda aka ware wa Mati.

Bala ne a kanta, ƙaton ɗan lodi mai furfura a gemu da muryar da ake ji daga bakin titi. Yana jan igiyar ƙarshe, ruwa na tsattsafowa ta tsakanin yatsunsa.

“Malam, zo ka ji kiɗi!” Ya ɗaga tafi ya maka wa igiyar, ta yi ƙara. “Ka ji? Ko kai ba ka taɓa ɗauri irin wanga ba.”

Malam Babaji ya taɓa ta. Sanyinta ya ratsa shi har gwiwar hannu.

“Bala, a kwance. Jiƙaƙƙiya ce.”

“Haba Malam. Sabuwa ce hwa, jiya ta baro kasuwa. Wace rama ce za ta ruɓe tsakanin nan da Dutsin-Ma?”

“Na ce a kwance.”

“Yanzu mulkin hwarar hula ne, Malam,” in ji Bala yana dariya, sauran 'yan lodi suna taya shi. “Ba a ba da oda sai da dalili. Ko ɗan majalisa sai ya yi bayani.”

Alhaji Abbas ya matso yana duba agogo. “Mi ya hwaru kuma?”

“Malam ne, wai igiya za ta ruɓe.”

“In ta ruɓe na sayi wata. Malam, ana jiranmu da bikin rabo ƙarfe goma sha ɗaya, manya za su zo. A bar ta haka nan.”

Malam Babaji ya dubi motar. Dalilin da ya shekara goma sha ɗaya yana fakewa da shi ya ƙare a nan. Ba ya iya kwance ko ƙulli ɗaya. Ya tsaya riƙe da igiyar, yana tunanin ko ya ce a bi motar da wani, ko ya ce shi da kansa zai raka ta, duk wata hanya dai da za ta tsare kayan ba tare da ta tone shi ba. Yana cikin wannan lissafi ne Mati ya iso.

Ya sa wankakkiyar riga, ya aje babur a bakin rumfa. Tun da safe an ba shi makulli, an ce ya je ya yi sallama da gida ya dawo. Ya zagaya motar a hankali, ya dubi tayoyi, ya dubi tulin buhunan da ke ƙarƙashin tamfol, bai taɓa komai ba.

“Ga angon mota nan!” in ji Bala. “Mai Ɓari, wannan karon in ka ga gada ka yi mata sallama tukuna.”

Aka yi dariya. Mati ma ya murmusa, irin murmushin wanda ya saba. Sannan ya zo gaban Malam Babaji ya rusuna.

“Malam, ina kwana?”

“Lahiya lau, Mati.”

“An tashi lahiya? Ya ruwa?”

“Ruwa ya yi gyara.”

“Malam, shawara na zo nema, ko in ce sallama.” Ya buɗe tafinsa, makullin yana ciki, ya jiƙe da gumi. “Zan maida ma Alhaji abinshi. Maiɗakina Hurera ce ta matsa, ba ni ba. Tun da aka ce hanyar Dutsin-Ma ce, abinci bai zauna mini ba.”

“Don mi?” in ji Malam Babaji.

“Malam, kai ka ɗaure mini kayan nan. Ɗaurinka ba ya kwancewa, duk Katsina an sani. Na tsaya Batagarawa na duba da hannuna. To in ba igiya ba ce, wa ya rage? Ni ne. Shekarun nan duk ina auna kwanar nan a raina. Ni dai na san ban ga allurar gudun mota ta wuce arba'in ba, amma ƙila idona ne ya yaudare ni. Mutumin da bai san sadda ya yi gudu ba, bai kamata a ba shi kayan jama'a ba.” Ya sunkuyar da kai. “Babur ɗin ya ishe ni. Ka yi mini addu'a kawai.”

Ya miƙe ya juya wajen Alhaji Abbas.

Duk tsawon shekarun nan Malam Babaji ya ɗauka cewa abin da ya ƙwace wa Mati shi ne aiki da suna. Ya kuma riƙa rarrashin kansa da cewa Mati, a can cikin zuciyarsa, ya san bai yi laifi ba, kuma wannan sanin yana riƙe da shi. Yanzu ya ga ko wannan bai bar masa ba. Mutumin ya yarda da ɗaurin Babaji fiye da idonsa.

Taku biyar ne tsakanin Mati da Alhaji Abbas. Ya yi uku.

“Mati.”

Ya tsaya.

“Dawo. Bala, sauko. Ku ma ku matso, akwai karatun da ban ba ku ba.”

Suka taru suna duban juna, su bakwai ko takwas, da Alhaji Abbas a gefe yana shirin magana. Malam Babaji bai dube shi ba. Ya kama igiyar da ke gefen motar ya matse ta, ruwa ya ɗiga a ƙasa.

“Ba don ruɓewa nake hana ku jiƙa igiya ba. Rama in ta sha ruwa tsukewa take. Ka ɗaure da ita, ka buga, ta yi maka ƙarar da ka ji, Bala. In rana ta busar da ita sai ta saki. Wannan motar in ta tahi haka, za ta wuce Batagarawa lahiya lau. Ba za ta wuce Kurhi da nisa ba.”

Bala ya dubi igiyar, ya dubi sama inda gajimare ke yayewa. Dariyar ta bar fuskarsa. “To Malam, tun yaushe ka san wannan?”

“Tun kahin a haihi wasunku.”

Wani tsohon ɗan lodi da ke bayan taron ya sa hannu ya rufe baki, ya tuna safiyar da aka yi lodi cikin taɓo. Malam Babaji ya ji kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa, amma ya juya ya fuskanci Mati, ya tilasta wa idonsa tsayawa a kan nasa.

“Ranar nan ni na bar igiya ta kwana a ruwa. Da ita na ɗaure maka. Na sani sadda nake ɗaurewa, na sani sadda ka tashi, na sani sadda suka tahi da kai. Tsoron saje ya hana ni magana ran nan. Sauran shekarun ba saje, ni ne kawai. Ba ka yi gudu ba, Mati. Arba'in ɗin da ka gani, arba'in ce.”

Mati bai motsa ba. Leɓɓansa suka yi motsi kamar mai ƙirga wani abu, sannan suka tsaya. Ya daɗe yana kallon dattijon da ya shekara goma sha ɗaya yana cire wa hula.

“Malam,” in ji shi a hankali, “har zaurena ka zo. Ka sha ruwa.”

“Na sha.”

“Inna lillahi,” in ji Alhaji Abbas, bai kuma ƙara duba agogo ba.

Mati ya dubi makullin da ke hannunsa. Bai ce ya yafe ba, Malam Babaji kuma bai ga yana da bakin roƙo a gaban mutane ba. Can Mati ya zura makullin a aljihun rigarsa, ya juya wa Malam Babaji baya, ya ce da Bala, “A nemo busasshiya. Ko aro ne a yi. Ba na tashi sai an sake.”

'Yan lodi suka watse neman igiya, ba mai duban Malam Babaji, ba kuma wanda ya ce ya kawo a taya shi. Ya durƙusa shi kaɗai a gefen motar, ya sa farce a ƙullin farko. Ruwa ya riga ya kumbura shi, ya ƙi motsi. Ya sa haƙori.